Yoyon da Ya Gagari Mai Sanda

Mahaifina ya yi shekara talatin da huɗu a ma'aikatar ruwa. In ka tambayi Mama aikin da yake yi a can, cewa take an ɗauke shi ya riƙa saurare ne a waje, shi ya sa in ya dawo gida ba ya jin maganar kowa. Ba ƙarya ta shara gaba ɗaya ba. Baba ba ya haƙa rami, ba ya ɗaukar bututu. Kayan aikinsa sanda ce ta ƙarfe, siririya, tsawonta ya kai masa ƙirji, da ɗan kan katako mai kama da ƙoƙo. Da sassafe, kafin motoci su fito su cika gari da hayaniya, zai bi titi yana dafa tsinin sandar a kan duk ƙarfen bututun da ya leƙo, ya manna kunne a katakon, ya lumshe ido. In ya buɗe idon ya yi 'yan taku ya zana da'ira da alli, to masu diga su zo kawai su haƙa, ruwa na nan a ƙasa yana zuba. Abokan aiki suka sa masa Mai Sanda, sunan ya biyo shi har ƙofar gida.

Labarin da ya fi so, wanda mun ji shi ya fi sau ɗari, shi ne na ranar da ya bi wani yoyo tun daga bakin titi, ya ratsa harabar ma'aikata, ya tura ƙofar shugabansu, ya ce wa mutumin ya ɗaga ƙafa. Ya zana da'irarsa a tsakiyar sabon kafet. Shugaban ya ce in aka fasa ba a ga ruwa ba, to ya haɗa komatsansa. Aka fasa, ruwa ya yi tsalle ya jiƙa takardun kan tebur. In Baba ya kawo nan sai ya gyara zama ya ce, "Ruwa ba ya iya yin shiru. Mutum ne yake kasa ji." Mu kuma mu gyaɗa kai kamar yau muka fara jin maganar.

Mu 'ya'yansa biyu, ni da Yayana, mun sha wuyar kunnen nan. Yana kwance a ɗakinsa, ƙofa a rufe, rediyo na magana, amma in famfon kicin ya ɗiga sau biyu sai ka ji tsawa: "Wa ya bar famfo?" Da wannan tambayar aka raine mu. Shi kansa ba ya shiga kicin, mu yake turawa, sai in abin ya kai ga sifana. In kuwa ya kai ga sifana, to famfon ya shiga uku, don Baba ba ya ɗaure abu, hukunta shi yake. Murfin kwalba, kan famfo, ƙusar kujera, duk abin da hannunsa ya murɗa sai an nemi ƙato kafin ya sake buɗuwa.

Da ya yi ritaya ya sayi tsohuwar mota shuɗiya a hannun wani abokin aikinsa. Iyakarta kasuwa, asibiti in Mama za ta auna jini, da gidana in sun yi marmarin jikoki. Ya yarda bakanike ya canza masa taya ko birki, amma akwai abu ɗaya da ya haramta wa kowa a duniya: nemo masa inda ruwa yake zuba. Wannan a wurinsa zagi ne.

Matsalar ita ce, shekara biyu ke nan kunnen Baba yana ja da baya, kuma kowa ya sani sai shi. Rediyonsa ya koma na unguwa, maƙwabta ba sa kunna nasu. In ba ya jin ka, laifinka ne: mutanen yanzu ba sa buɗe baki, magana suke kamar suna tauna tsumma. Ni kaɗai yake ji sarai, don ni malamar firamare ce, na saba yi wa yara sittin magana a lokaci ɗaya. Yaya ya taɓa kawo zancen asibitin kunne, Baba ya yi kwana tara ba ya amsa gaisuwarsa, kuma wannan karon da gangan ne.

Mama kuwa ta ga banza ta faɗi. Shekara arba'in tana haɗiye magana, sai ga shi an buɗe mata fili. Zai shigo, ta tarbe shi da fara'a, ta ce da muryarta ta kullum, "Sannu da zuwa, uban 'yan taurin kai." Ya ce, "Yawwa, lafiya lau." Ta miƙa masa ruwa, "Sha, kai da ba a taɓa faɗa maka gaskiya ka karɓa ba." Ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Na sha fita tsakar gida da gudu don kar dariya ta tona mata asiri.

Ana nan sai motar ta fara shan ruwa. Yau a cika lagireto, jibi a tarar ya yi ƙasa. Baba ya sa jarka a but ya yi shiru da bakinsa. Wata ranar Laraba suna dawowa daga asibiti allurar zafi ta haye har ja, suka tsaya a gefen titi, Mama ta yi awa guda a rana tana jiran inji ya huce. Da labari ya kai kunnen Yaya sai ya yanke hukunci: ranar Asabar da la'asar zai zo da bakanike da igiya a ja motar. Ya ƙara da wadda ta fi zafi, cewa bayan an gyara, makulli zai zauna a wurinsa, don mutumin da ba ya jin abin da injinsa yake ciki ba zai ji hon ɗin babbar mota ba.

Mama ta kira ni ranar Juma'a. "Auta, ki zo gobe da safe. Ubanki ya fito da sandar nan ya goge ta da mai. Ya ce in bai nemo yoyon nan kafin la'asar ba a canza masa suna."

"To a canza mana, Mama. Ai kin tara masa sunaye."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke dai ki zo."

Na isa da hantsi. Na fara shiga kicin in ajiye kaya, sai na ji famfo yana ɗiga, tal, tal, a cikin wani kwanon ƙarfe da aka tara a ƙarƙashinsa. Hannuna da kansa ya tafi zai murɗa, tarbiyya ce ta shekara talatin. Mama ta buge min hannu.

"Bar shi."

"Robar ciki ce ta cinye, Mama. Minti biyar ne."

"Na ce bar shi. Ruwan ba asara yake ba, shukokina nake ba wa. Je ki wajen ubanki."

A tsakar gida na tarar da motar baki buɗe, Baba na tsaye a kanta da tsohuwar rigar aikinsa wadda yanzu ba ta rufe tumbi. Ya riga ya yi binciken da ido zai iya yi, kuma sai da ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya kamar na zo duba aiki daga hedikwata. Kwana uku yana shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar, ko ɗigo ɗaya bai samu ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya nuna min: mai baƙi ne wuluk, bai yi fari-fari ba, ke nan ruwa bai shiga cikinsa ba. Ya tura ni bayan mota in duba salansa, babu farin hayaƙi. Ya sa na cusa hannu na shafa shimfiɗar ƙafa ta gaba, a bushe take. Murfin lagireto sabo ne, robarsa lafiya lau. Manyan tiyo biyu, na sama da na ƙasa, ya matsa su da hannu, babu tsaga.

Maƙwabcinmu tela ya leƙo ta katanga ya ce ai wannan ba abin wahala ba ne, a fasa ɗanyen ƙwai biyu a cikin lagireto, in ya dahu zai toshe ɓular da kansa. Baba ya ce, "Me ya ce?" Na maimaita da muryar aji. Baba ya kalli telan daga sama har ƙasa ya ce, "Gaya masa in wandonsa ya yage ya liƙe da ƙwai." Telan ya janye kansa.

"Ruwa na tafiya, ƙasa ba ta gani," in ji Baba. "Ke nan sai inji ya yi zafi ɓular take buɗewa, kuma a kan ƙarfe mai zafi take fesawa, ya ƙone kafin ya sauka. Kin ji wannan ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi? Koren ruwan nan na lagireto ne yake ƙonewa. Yana nan kusa. Tayar min da ita."

Wallahi har yau kan mutumin nan yana ja. Na tayar da mota, muka jira allura ta kai tsakiya, fanka ta kama. Ya hana kowa kusantar murfin lagireto, ya ce wanda ya buɗe shi da zafi fuskarsa ce za ta biya. Mama ta fito ta tsaya a inuwa da hannu a ƙugu. Baba ya ɗauki sanda, ya yi min alama, na kashe inji.

Tsakar gidan ya yi tsit. A cikin shirun nan sai ga shi, ƙarara: tsssss, siririn sauti daga can bayan inji, sannan tas, tas, kamar an yayyafa ruwa a kasko. Ko jaririn goye zai ji shi.

Baba ya dafa tsinin sandar a wuyan lagireto, ya manna kunne, ya lumshe ido. Ya matsar da ita gaba. Ya sake matsarwa. Ya juya ɗaya kunnen. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe saboda ƙoƙari. Sautin yana ta yi a gefen gwiwar hannunsa, shi kuma yana laluben wani gefen daban. Ni da na zo da niyyar in yi dariya in kai wa Yaya labari, sai na nemi dariyar na rasa. Ban taɓa jin tausayin Baba ba sai ranar, don bai taɓa ba kowa dama ba.

Ya buɗe ido ya ce, "Shiru. Ba ta yi zafi sosai ba. Sake tayarwa."

Na sake. Muka sake jira, na sake kashewa. Sautin ya dawo. Amma wannan karon Baba bai lumshe ido ba, kuma ba injin yake kallo ba, mu yake kallo. Ashe da inji ya mutu, ni da Mama kanmu ya karkata gefe ɗaya a lokaci ɗaya, ba mu ma sani ba. Mutumin da ya koya wa ma'aikata sun fi ashirin saurare ya san yadda wuyan mutum yake yi in kunnensa ya kama abu.

"Kun ji wani abu," ya ce. Ba tambaya ba ce.

Na kalli Mama, Mama ta kalli takalminta.

"Auta. Da ke nake."

"E, Baba."

"Da ƙarfi?"

Na so in ce a'a, kaɗan ne, sai an kasa kunne. Amma ƙarya ba ta taɓa wucewa ta gabansa ba. Na ce, "Da ƙarfi, Baba. Tun karon farko."

Ya juya ga Mama. "Ke fa? Tun yaushe?"

Mama ta matso har kusa da kunnensa, abin da ban taɓa ganin ta yi a gabanmu ba. "Sati uku, Malam. Duk sanda ka kashe mota a ƙofar gida."

Ya daɗe yana kallon sandar da ke hannunsa. Na ɗauka zai jefar da ita, ko ya ce mun haɗa baki, ko ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Sai ya goge katakon da gefen rigarsa, ya miƙo min. Tun muna yara ko taɓa sandar nan mutum ya yi sai ya sha rankwashi.

"Riƙe nan. Ba haka ba, ke, ba muciya ba ce. Saki yatsunki, in kin damƙe ta sautin zai mutu a hannunki. Ke ki ji, ni in gaya miki abin da kika ji."

Mama ce ta koma mazaunin direba, ita da ba ta taɓa tuƙa ko keke ba, aka nuna mata yadda ake murɗa makulli. Ta tayar, ta kashe. Baba ya kama tsinin sandar da hannunsa ya ɗora a kan wani ƙarfe.

"Me kika ji?"

"Huuu, kamar iska a cikin kwalba."

"Nesa ne. Nan fa?"

"Ya ɗan ƙaru."

"Kauri ko siriri?"

"Kauri."

"Ba mu zo ba. In kin kusa, sirancewa yake, har ki ji yana sukar kunne. Yi sauri, ƙarfin ruwan yana sauka, minti uku kawai gare mu."

Sau uku Mama tana tayarwa tana kashewa, tana mita ƙasa-ƙasa cewa da tsufanta an mai da ita karen mota. A karo na uku Baba ya zura sandar can baya, tsakanin inji da bangon mota, ya ɗora a kan wani ɗan bututun ƙarfe da ƙaramin tiyo ya shiga. Na yi tsalle na janye kunne.

"Wayyo! Nan ne, Baba, kamar allura!"

Fuskarsa ta washe. Ya laluba aljihun rigar, wallahi sai ga guntun alli, Allah kaɗai ya san shekarunsa. Ya miƙa hannu ya zana 'yar da'ira a jikin ƙarfen da ke sama da wurin.

Ido ba ya kaiwa can, don haka aka karɓo madubin hodar Mama aka ɗaura a jikin cokali mai dogon hannu, na haska da tocila. Ga shi nan a ƙasan tiyon, daidai bakin zoben ƙarfen da ya ɗaure shi: ɓula ƙarama kamar hujin kunne, an kewaye ta da busasshen gari fari-kore. Zoben ya nutse cikin robar har ya yanka ta.

"Wane mugu ne ya ɗaure wannan haka?" in ji Baba.

Mama ta leƙo ta tagar mota ta ɗaga murya yadda har tela zai ji: "Wanda ya canza tiyon bara, ya hana a kira bakanike!"

Baba ya yi tari ya ce a kawo masa sukundireba.

Sai da muka jira inji ya huce sarai, har ya iya ɗora tafin hannu a kai. Ya tara roba a ƙasa ya tsiyaye ruwan, ya ce a rufe shi a kai nesa, don zaƙinsa yana jan kyanwa kuma guba ne. Ya kwance zoben, ya murɗa tiyon ya fito, ya ba ni na hau acaɓa na kai shagon kayan mota aka ba ni irinsa da sabon zobe. Da ya zo ɗaurewa na tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Ya murɗa, ya murɗa, na ce, "Ya isa." Ya ƙara rabi. Na ce, "Baba!" Ya saki yana gunaguni. Muka zuba sabon ruwa a hankali, yana matsa babban tiyo da hannu don iska ta fito, aka bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfa ya daina tasowa, sannan ya rufe. Da ta yi zafi Mama ta kashe. Ya kalle ni. Na kasa kunne da sanda, na kasa ba sanda.

"Shiru, Baba."

"Shirun gaske, ko irin nawa?"

"Na gaske."

La'asar na yi sai ga Yaya da bakanike da igiya a kafaɗa. Baba yana zaune a kan benci ya harɗe ƙafa. Bakanike ya leƙa, ya ga da'irar alli, ya ga sabon tiyo, ya ce wanda ya gano wannan ba tare da injin gwaji ba ai shi ya kamata a riƙa kai wa mota. Na zuba ido in ga Baba ya buɗe labarin kafet. Sai ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan benci.

"Ba ni na ji shi ba, Auta ce," ya ce wa Yaya. "Riƙe wannan zuwa Litinin. Ka zo ka kai ni wurin masu duba kunnen nan naka. In sun gyara, ka dawo min da abina."

Yaya ya zo da shirin yaƙi, har da jawabin da ya haddace a hanya, bai samu inda zai sauke shi ba.

Sati biyu aka ɗauka kafin na'urar ta iso, 'yar ƙarama mai kama da ƙwayar wake, ana maƙala ta a bayan kunne. Mama ta yi kwanakin nan tana zuba masa duk abin da ya rage mata a ciki, ta ce gara ta kwashe kafin a rufe kasuwa. Ranar da aka saka masa, ni na raka su shi da Yaya. A hanyar dawowa Baba ya yi ta faɗa: mota tana ƙara, Yaya yana taka giya kamar mai jin haushinta, ni kuma in rage murya, ba a aji nake ba.

Muka shiga gida. Mama tana falo tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Baba ya cire takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a ƙafa. Na ga wuyansa ya karkata.

"Wa ya bar famfo?"

Tsawar ta cika gidan kamar da. Rigar da ke hannun Mama ta faɗi. Ta zauna a hannun kujera, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane kuka take ko dariya, ina jin duka biyun ne.

"Shekara ɗaya da wata huɗu," ta ce. "Har kwanon ƙarfe na tara masa don ƙarar ta fi fita. Kullum ina kicin ina jira ka yi min ihun nan."

Baba ya cire ɗaya takalmin, ya ɗauko sifana a akwatinsa, ya nufi kicin da kansa. Da ya zo wucewa ta gabanta, Mama ta goge ido ta ce ƙasa-ƙasa, da muryar nan da ta saba, "Saura kuma ka kashe shi da ɗauri, uban 'yan taurin kai."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Na ji ki," ya ce.